Wane Littafi Zai Shiga Adaka? Iyaye Kirista da Karatun 'Ya'yansu a Ƙasar Attantane

A ƙauyukan Mayahi da Tasawa takarda ba ta kwana a fili. Gara na nan, ɓera na nan, ga ɗigon damina da ke bin azara yana sauka inda ya ga dama. Shi ya sa duk wani abu mai daraja da ke rubuce, cikin adaka yake zama, a naɗe cikin leda, ƙarƙashin zannuwan uwargida: takardar haihuwar yara, katin rigakafi, takardar gona in akwai. A gidan Kirista za a tarar da ƙarin abu biyu, Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda bangonsa ya sha ɗinki da zare, da Littafin Waƙoƙi wanda shafukansa na farko suka daɗe da zubewa. In an ci sa'a akwai na uku, wata 'yar ƙasida da wani ya kawo tsaraba daga Maradi ko Jos. Sau da yawa ɗakin karatun gidan ke nan gaba ɗaya.

Attantane ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Mayahi ta jihar Maradi, gundumar da Gulbin Kaba ya ratsa da gorubarsa. Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da kiwon awaki, wadda samarinta ke watsewa cin rani da zarar an ɗaure damman ƙarshe. Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar, Kirista kuwa ba su kai kashi ɗaya ba, kuma yawancinsu a birane suke. Saboda haka yaron da ya tashi a gidan masu bi a wannan yanki, ko ubansa manomi ne, ko malamin lakwal ne da aka turo, ko ma'aikacin likita, abokan wasansa Musulmi ne, mushen da ke koya masa Musulmi ne, wani lokaci har kakarsa da kawunansa. Duk maganar da za a yi kan littafin da ya dace da shi, daga nan ya kamata ta fara.

A Amurka da Ingila ana rubuta wa iyaye Kirista dogayen jerin sunayen littattafai, wannan a saya, wancan a guje masa, domin can littafi ya yi yawa har ya zama matsala. A nan ƙaranci ne matsalar, kuma ƙarancin yana ƙara wa zaɓe nauyi. Yaron da littafi uku kacal zai riƙe kafin ya balaga, zai karanta kowane ɗaya har ya haddace shi, kuma abin da ke ciki zai bi shi har furfura.

Mutanen boko

Kiristocin wannan jiha tun asali da karatu aka san su. Mishan ɗin SIM ta kafa tasharta ta farko a Nijar a Damagaram cikin 1924, sannan ta zauna a Tsibiri kusa da Maradi a ƙarshen shekarun 1920. Asibitin Galmi ya zo a 1950, na kutare a Danja ya biyo baya, aka kuma buɗe makarantun Littafi Mai Tsarki irin na Tsibiri da na Agye. Abin da 'yan mishan suka fi dagewa a kai shi ne kowane mai bi ya iya karanta Hausa da haruffan boko, don ya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa, wanda aka kammala fassara shi aka buga a 1932. Barbara Cooper, masaniyar tarihi da ta rubuta littafi kan Kiristocin Maradi a 2006, ta nuna yadda mishan ɗin ta yi ta jan ƙafa wajen buɗe makarantun Faransanci, yadda kuma masu bi suka yi ta matsa mata lamba saboda suna ganin 'ya'yansu na zama baya a neman aikin gwamnati. Wannan ja-in-ja ya bar tabo. Amma ya bar gado mai kyau guda: tsoho ɗan ƙauye wanda bai taɓa zama a benci ba, amma yana bin layi da yatsa yana karanta wasiƙun Bulus da harshen da ya sha a nono.

Akwai ma abin da ya girmi wannan. Wajen 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a ƙasar Kance, gabas da Tasawa. Aka kama shi yana ƙarami aka sayar, Bajamushen matafiyi Adolf Overweg ya 'yanta shi a Barno, Heinrich Barth kuma, wanda ya yada zango a Tasawa a Janairun 1851, ya tafi da shi Ingila a 1855. Daga bakin wannan yaro ne ɗan mishan J. F. Schön ya kwashi Hausar da ya yi aiki da ita a nahawunsa da ƙamusunsa da fassarar wasu sassan Littafi Mai Tsarki, ya kuma rubuta labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ya ba shi cikin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana taimakawa a makarantar Ɗan Hausa. Yara nawa ne a Attantane suka san cewa ɗaya daga cikin tushen rubutacciyar Hausar boko ɗan maƙwabtansu ne, wanda aka raba da uwarsa yana tsaran su? Ga labari mai ɗauke da tsoro, da kewa, da juriya, da tafiya har bakin teku, kuma gaskiya ne. Ban ga littafin yara da aka shigo da shi daga waje da zai fi shi kama zuciyar ɗan wannan ƙasa ba.

Harshe kafin komai

Kafin a tambaya ko littafi na da kyau, sai a tambaya ko yaron zai iya karanta shi. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗaliban ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, ya gano cewa a Nijar, cikin yara goma da suka kai ajin ƙarshe na firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin fahimtar abin da ya karanta ba. Na 2019 ya nuna an samu ci gaba, amma har lokacin mafi yawa suna ƙasa da layi. Dalilan ba a ɓoye suke ba. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, don haka shekarar karatu na gajarcewa. Littafi ɗaya yara da yawa ke rabawa. Babban dalili kuma, yaro ya shigo da Hausa a bakinsa, a ranar farko a tarbe shi da harshen da ba a taɓa yi masa magana da shi ba. Nijar ta fara gwajin makarantun da ke koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, amma gwajin bai game ƙasa ba. A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Doka dai ba ta buga littafi, sai an samu mai rubutawa da mai bugawa da mai kaiwa ƙauye.

Uba kan sayo wa ɗansa kyakkyawan littafin labaran Littafi Mai Tsarki na Faransanci, mai hotuna masu launi, da kuɗin da ya kai na tiya da dama ta gero. Yaron ya kalli hotuna, ya furta kalmomin kamar yadda ake furtawa a aji, bai san abin da suka ce ba. Hali ba ya ginuwa da sautin da ba a gane ba. Yaro na jin kunya da Hausa, yana jin tausayi da Hausa, da Hausa kuma yake yanke shawarar ko zai faɗi gaskiya ko zai ɓoye. A ganina littafin farko, da na biyu, da na uku, na Hausa ya kamata su zama. Faransanci ya zo a lokacinsa, kuma wanda ya riga ya ƙware a karatun harshensa ya fi saurin kama na biyu.

Abin da ke shigowa ba sallama

Yayin da iyaye ke tunanin littafi, labari ya riga ya shigo ta wata ƙofa. Wan yaro ya dawo daga cin rani da waya, ya kai ta wurin mai caji a kasuwa an cika masa katin ajiya da finafinan Kano, da na Indiya masu fassarar Hausa, da littattafan soyayya da wani ya karanta aka naɗi muryarsa. Da dare 'yan mata su kewaye waya ɗaya a kan tabarma suna bin labari kashi-kashi. Wannan ma karatu ne, da kunne ake yin sa, kuma ya fi kowane littafin takarda yawan masu bi a yankin.

Ba daidai ba ne a yi wa adabin kasuwar Kano kuɗin goro. Cikinsa akwai na banza, waɗanda ba abin da suke koya wa yarinya sai cewa darajarta na ga hasken fatarta da motar mai neman ta, kuma waɗanda ke yawo a WhatsApp ba tare da sunan marubuci na gaskiya ba wasunsu batsa ce zalla. Amma cikinsa ne kuma Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kwikwiyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta tsaya da ƙafarta da sana'ar abinci ta riƙe su. A ƙasar da binciken lafiya na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maradi ta haura wannan adadi, budurwar da ta karanta irin wannan littafi tare da uwarta ta samu abin da wa'azin Lahadi ba kasafai yake taɓowa ba.

A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona tarin littattafan soyayya a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata. Littattafan ba su ƙare ba, sun koma cikin waya inda ba mai ganin bangonsu. Kiristan Nijar kuwa yana da dalili na musamman da zai sa ya ƙi wannan hanya. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, da Littattafai Masu Tsarki da na waƙoƙi a cikinsu. Wanda ya taɓa tsintar toka a inda littafinsa yake, bai kamata ya koya wa ɗansa cewa wuta ce amsar rubutun da ba ka so ba. Uwa na da ikon ta ce wannan ba za a saurare shi a gidana ba. Amma ta saurara tukuna, ta kuma faɗi dalili, domin hani marar dalili bayan ɗaki kawai yake mayar da abu.

Gicciye a bango ba shaida ba ne

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne wanda iyaye masu himma ke yi: duk abin da ke da gicciye a bango ko aya a shafin farko, a miƙa wa yaro ba dubawa. Ƙananan ƙasidu na shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu da Hausa, wasu da Ingilishi, kuma ba duka ne abinci ba. Akwai masu koyar da cewa wanda ya ba da baiko mai tsoka dole ya yi arziki, wanda ya talauce kuwa bangaskiyarsa ce ta gaza. Ka ba ɗan manomin Attantane wannan a shekarar da ruwa ya ɗauke gero na bununi, me ka gaya masa game da ubansa, wanda ya yi noma uku ya yi addu'a kowace safiya? Akwai kuma masu cika yaro da tsoron maƙiyan cikin gida, kowace rashin lafiya wani ne ya jefo ta, kowace faɗuwa a jarrabawa akwai hannun dangi. A ƙasar da zargin maita ke raba zumunci tun kafin zuwan kowace ƙasida, wannan zuba wa wuta mai ne. An ga inda irin wannan koyarwa ta kai a jihar Akwa Ibom ta Najeriya, inda aka yi ta korar ƙananan yara daga gidajensu da sunan mayu ne, har gwamnatin jihar ta kafa dokar hana hakan a 2008. Yaron da ya fara kallon kakarsa da ido biyu saboda wata 'yar takarda, an cuce shi, ko da ayoyi ashirin ne a cikinta.

Akwai wani nau'in da ba shi da guba amma ba shi da ɗanɗano: labarin yaron kirki wanda bai taɓa kuskure ba, da yaron banza wanda mota ta buge a shafi na ƙarshe. Yara na gane ƙarya da wuri. Sun san ɗan da ya fi kowa rashin kunya a unguwa lafiyarsa lau, sun kuma san yarinyar kirkin da zazzaɓi ya ɗauke a damina.

Littafi Mai Tsarki kansa ba haka yake ba da labari ba. Yakubu ya yaudari ubansa makaho. 'Yan'uwan Yusufu sun sayar da shi, shi ma da farko bakinsa bai da linzami. Bitrus ya yi musun ubangidansa a daren da aka fi bukatar sa. Dauda ya ɗauki matar sojansa ya sa aka kashe mijin, kuma da annabi Natan ya zo masa, bai fara da tsawa ba, labari ya ba shi na wani matalauci da 'yar tunkiyarsa ɗaya da mai arziki ya ƙwace. Sarki ya fusata ya yanke hukunci, sannan ya gane kansa ya yanke wa. Aikin labari mai kyau ke nan: ya sa mai sauraro ya yi hukunci da zuciyarsa kafin ya farga cewa da shi ake. Ba a ce a karanta wa ɗan shekara shida ƙarshen Littafin Mahukunta ba, kowane shekaru da abin da suke iya ɗauka. Amma in aka wanke mutanen Littafi Mai Tsarki tas har suka zama ba su da laifi, ranar da yaron ya yi nasa laifin ba zai ga kowa a ciki mai kama da shi ba.

Ɗan Attantane na da wata riba da ɗan birnin Turai ba shi da ita, kuma littattafan da ke zana Yesu da farar fata a cikin lambu mai ciyawa shar suna ɓoye masa ita. Ya san rijiya mai zurfi da wahalar shayar da raƙuma, don haka ya san girman abin da Rifkatu ta yi wa baƙo. Ya ga mata na kala a gonar da aka girbe, Rut ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Ya san rumbu, ya san shekarar da ake buɗe shi da wuri, mafarkin Fir'auna ba ya bukatar dogon bayani. Ya yi kiwo, ya san yadda gaba ke faɗuwa in aka ƙirga awaki da magariba aka ga babu ɗaya. Uban da ya karanta waɗannan da Hausa, ya tsaya ya ce wa ɗansa, "Ka tuna rijiyar da muka je bara?", ya fi mai hotuna masu launi isar da saƙo.

Littafin maƙwabci

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: duk abin da ba na majami'a ba, a rufe masa ƙofa. Da wannan ma'auni an zubar da kusan dukan adabin Hausa.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa, Kirista, ya rubuta tare da East. Bayan 'yan shekaru Imam ya fito da Magana Jari Ce, littafi uku, inda aku ke riƙe ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Tsara bayan tsara sun koyi daɗin Hausa a waɗannan shafuka, sun kuma koyi inda haɗama da girman kai da cin amana ke kai mutum. Shaihu Umar labarin yaron da aka sace ne da uwar da ta ratsa hamada tana neman sa, ɗan'uwan labarin Dorugu. Jiki Magayi kuma, ga matashi ɗan koleji, darasi ne mai ɗaci kan ramuwa: mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, Abubakar ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman asirin da zai lalata ɗan da suka haifa, yaron ya lalace har ya zama ajalin ubansa, mai ramuwar kuma bai tsira da komai ba. Wanda ya karanta wannan, in aka zo masa da maganar gafara ran Lahadi, ya san abin da rashinta ke ci.

Na san abin da wasu dattawan ikilisiya za su ce: littattafan nan cike suke da malamai da tsibbu da aljannu, kuma ruhinsu na Musulunci ne. Damuwarsu ba ta banza ba ce, mutanen da suka sha tsangwama kafin su tsaya a kan bangaskiyarsu suna da haƙƙin yin kaffa-kaffa. Amma yaron a cikin wannan duniya yake kwana yake tashi. Yana jin kiran salla sau biyar, yana cin naman layya a gidan kawunsa. Gara ya gamu da ita a shafi, ubansa na gefe yana cewa nan mun yarda, nan kuma ga abin da mu muka gaskata. Littafi Mai Tsarki ya shaida cewa Musa ya koyi dukan ilimin Masarawa, Daniyel ya yi karatun Babila bai bar addu'arsa ba, Bulus kuma a Atina ya kafa hujja da mawaƙan Helenawa. A ƙarni na 4 Basil, bishop na Kaisariya, ya rubuta wa samari nasiha sukutum kan yadda za su amfana da littattafan Helenawa waɗanda ba Kirista ba, su ɗauki abin da ke koyar da nagarta su bar saura. Tambayar tsohuwa ce, kuma ikilisiya ba ta amsa ta da toshe kunne ba.

Haka batun tatsuniya. Akwai gidajen masu bi da suka bar ta saboda wai ƙarya ce, Gizo kuma maƙaryaci ne. Gizo maƙaryaci ne ƙwarai, kuma yara na dariyar wayonsa. Sai dai suna ganin yadda cikinsa ke jawo masa duka, yadda Ƙoƙi ke shan wahalar halinsa, yadda marainiyar da kishiyar uwa ta wulaƙanta ke samun mai taimako saboda ladabin da ta yi wa tsohuwa a bakin gulbi. Yaro ya san in an ce "ga ta nan ga ta nanku" an shiga wata duniya, in an ce "ƙurunƙus" an fito. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara da yawa cikin jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Kakar da ke cikin gida kuwa ta fi littafin, domin tana canja murya, tana waƙar da ke tsakiya, kuma tana ganin fuskar jikanta.

In da za a tilasta mini in ba da ma'auni ɗaya, zan ce a duba yadda littafi ke sa yaro ya kalli maƙwabcinsa. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, gwarzon labarin da ya bayar Basamariye ne, mutumin da masu sauraronsa ke ganin addininsa gurɓatacce ne. Littafin da zai sa ɗan Kirista ya raina yaron da suke zama benci ɗaya, ko ya ji tsoron sa, ya saɓa wa wannan labari komai yawan sunan Yesu a cikinsa. Wanda kuma zai sa ya ji kunyar abin da iyayensa suka gaskata, shi ma bai dace ba. Ana neman wanda yaro zai rufe ya fita wasa yana sanin ko shi wane ne, ba tare da ƙin kowa ba.

Muryar da ke karantawa

Manomin wannan ƙasa ba ya shuka abin da ya tsinta a hanya. Tun a gona yake ware zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye inda hayaƙi zai kare ta, kuma ko yunwa ta matsa ba ya taɓa ta. Irin wannan ido ake bukata ga littafi, kuma sharaɗinsa na farko shi ne babba ya karanta kafin yaro.

To, wanda bai iya karatu ba fa? Su ne mafiya yawa, domin manyan da suka iya karatu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba, mata kuma sun fi zama baya. Wannan bai fitar da su daga aikin ba. Uwar da ba ta san harafi ba tana iya zaunar da ɗanta ɗan aji biyar bayan tuwon dare, a kunna fitila mai cajin rana, ta ce, "Karanta mini in ji." Yana tuntuɓe tana gyara masa, domin ita ta san yadda maganar Hausa ke tafiya ko da ba ta ga baƙin ba. Ta tsayar da shi ta ce, "Kai da kai ne Yusufu, da ka ga 'yan'uwan nan sun zo awo, me za ka yi musu?" Ƙanwarsa ta tsoma baki ta ce ita sai ta rama. A yi gardama. A wannan gardamar ake gina hali, fiye da a cikin shafin kansa. Bulus ya danganta bangaskiyar Timoti ga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, bai ambaci wata makaranta ba. Akwai kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka naɗa da murya, wanda ke shiga katin waya ɗaya da finafinan, ga gidan da babu mai karatu ko ɗaya.

Abin da gida ɗaya ba zai iya saya ba, gida biyar za su iya. Zumuntar mata, wadda ta saba da adashi da tara hatsin baiko bayan girbi, tana iya ware kuɗin littafi goma a shekara, a saka su a adaka ɗaya a gidan fasto ko mai bishara, a rubuta sunan mai aro a kaye. Duk wanda zai je taro Maradi ko Agye, ko ɗan kasuwar da ke zuwa Kano, a ba shi sunayen littattafan a rubuce, kada a ce masa kawai ya sayo na yara. Makarantar Lahadi ma, da Robert Raikes ya yaɗa ta a Ingila daga 1780, koya wa 'ya'yan talakawa karatu ne aikinta na farko. Ba abin da zai hana rabin sa'a na kowace Lahadi ya koma ga wannan, da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu ko abin da ya sawwaƙa. In ɗan maƙwabci ya leƙo yana son aron Magana Jari Ce, da sanin iyayensa, a ba shi.

Saura littattafan da ba a rubuta ba, kuma su ne suka fi yawa. A Yulin 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, bayan ya ƙona garuruwa tun daga yamma, ya zo ƙarshensa a ƙasar Tasawa: Voulet ya sa aka kashe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da su, a Dankori ranar 14 ga wata, sojojinsu kuma suka kashe su biyun bayan kwana biyu zuwa uku a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu da ta tsaya musu a littafinsa na 1980, da Faransanci. Tun daga 1983 manoman jihar Maradi, tare da Tony Rinaudo na SIM, suka fara barin kututturen kalgo da sabara da gawo su tofo a gonakinsu, sassaben zamani, har aka kiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itace a kudancin Nijar. Ga tsofaffin da suka koyi boko a Tsibiri, ga matan da suka yi jinya a Danja suka koma gida da ƙafafunsu. Kowane ɗaya littafin yara ne mai shafi ashirin, kuma masu ba da labarin suna ƙarewa. Akwai madaba'u a Yamai irin su Gashingo da ke buga littattafai da harsunan ƙasa, amma ba sai an jira su ba. Ɗaliban koleji da na jami'a da ke dawowa gida hutun Kirsimeti suna da waya mai naɗar murya, suna da kaye da biro. Ikilisiya ta raba musu tsofaffin, kowa ya zauna da ɗaya ya rubuta abin da ya ji da Hausa, fasto da malamin lakwal su duba rubutun, a kai Tasawa ko Mayahi a buga kwafi goma a injin ɗaukar hoton takarda kafin a koma makaranta.